Na Ce Fim Ɗin Abokina Wankiya Ce, Yau Sati Uku Ba Ya Kula Ni

Wasiƙar wannan makon daga cikin birnin Katsina ta fito. Ga abin da mai ita ya rubuto:

"Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 27, ina da ɗan shagon cajin waya da tura fina-finai a Ƙofar Marusa. Saboda sana'ar, da wuya dare ya yi ban kalli fim ba, na Hausa ko na Indiya mai fassara. Duk wanda ya zo turi sai ya tambaye ni wanne ya yi, ni kuma ba na jan magana: wannan ya haɗu, wancan kar ka ɓata kuɗinka. Har an san ni da haka a unguwa. To ina da aboki tun muna makarantar allo. Ya sayar da babur ɗinsa, ya haɗa da kuɗin adashi, ya shirya fim mai dogon zango. Sun ɗauki kashi uku, bai kai ga sakawa a YouTube ba. Daren da edita ya ba shi kashi na farko ya kawo mana majalisa wajen mai shayi, muka kalla a kwamfutar da ya aro. Da aka gama ya dube ni ya ce, 'To, ya ka gani?' Na ce, 'Wankiya ce, kuma sautin bai fita.' Sai 'yan majalisa suka kwashe da dariya. Ya rufe kwamfutar ya tafi, ko shayinsa bai shanye ba. Yau sati uku ba ya ɗaga wayata, in mun haɗu a masallaci sai ya kau da kai. Shekaranjiya mahaifiyarsa ta aiko tana tambaya ko lafiya ba ta ganina. Malam, wallahi gaskiya na faɗa. In ba shi haƙuri a kan gaskiya, ko in ƙyale shi har ya huce?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka je ka ba shi haƙuri, kuma kada ka bari wata Juma'a ta zagayo ba ka je ba. Ban ce ka janye ra'ayinka ba. Ban kuma ce ka je ka ce masa fim ɗin ya yi kyau alhali a ranka bai yi ba, domin wannan ƙarya ce, shi ma zai gane, daga nan ko yabon gaskiya ka yi masa ba zai ƙara yarda da kai ba. Abin da za ka nemi afuwa a kansa shi ne wurin da ka faɗi maganar, da yadda ka yanke ta gajeriya kamar ana cinikin goro, da dariyar da ta jawo masa.

Mu koma teburin mai shayin nan, ka zauna a inda abokinka ya zauna. Kai fim na rabin awa ka kalla. Shi kuwa babur ɗinsa yake gani a fuskar kwamfutar. Duk wanda ya taɓa leƙa lokeshan ya san abin da rabin awar nan take ci. A yi hayar kyamara, a wuni ana jiran jarumar da ba za ta iso ba sai bayan la'asar, rana ta riga ta juya, gobe a sake biyan haya. Ga shinkafa da wake na ma'aikata, ga kuɗin mota, ga roƙon mai gidan da aka ari zaurensa, ga kwanan zaune a shagon edita ana jiran a kawo wuta. Tun da ya sayar da babur ɗin nan, a ƙafa yake ratsa gari ko ya hau na haya, duk wanda ya gan shi sai ya ce, ina mashin ɗin? Amsarsa ita ce abin da ya ɗauko a kwamfutar aro ya kawo muku. Sannan ka lura da abu guda: majalisa cike take da mutane, amma ya tsallake kowa ya dube ka. Kai ne wanda unguwa ta sani da sanin fim, maganarka ce hukunci. Shi ya sa ya tambaye ka, shi ya sa kuma aka yi dariya da ka amsa. Da wani ne ya faɗa, da ta wuce kamar iska.

Ba na so ka bar ɗabi'arka ta gajeren ra'ayi, domin tana da amfani a muhallinta. Mutumin da ya tsaya bakin shagonka da 'yan canjinsa a hannu, wayarsa saura ɗan wuri kaɗan, ba dogon sharhi ya zo nema ba. So yake ka taimake shi kada ya kashe darensa a kan abin da zai yi tsaki. In ka ce masa wancan kar ka ɓata kuɗinka, ka yi masa adalci, kuma wanda ya shirya fim ɗin yana can Mumbai ko Kano, bai ji ba, bai san ka ba, ba abin da ya rage shi da shi. Amma "ya ka gani?" ta abokinka wata tambaya ce daban, ko da kalmomin sun yi kama. Bai tambaye ka ko ya kalla ba, ai ya kalla sau ba adadi. Tambayarsa ita ce: in ci gaba ko in tsaya, ina zan gyara, babur ɗina ya tafi a banza ko kuwa? Ka ɗauki amsar mai saye ka miƙa wa mai kaya.

Yanzu mu zo kan kalmar da ka zaɓa, domin ita ce ta fi yin ciwo. A bakin 'yan fim, wankiya na nufin an ɗauko fim ɗin wasu, galibi na Indiya, an sauya sunaye da tufafi an ce nasu ne. Zargin sata ne kai tsaye. Kafin ka je wurinsa ka zauna ka tambayi kanka tsakani da Allah: wane fim ya wanke? In za ka iya kiran sunansa, ka nuna fitowa kaza ta yi daidai da fitowa kaza, to zarginka yana da tushe, sai ka faɗa masa ku biyu, domin masu kallo ma za su gano. In kuwa abin da ka gani kawai shi ne saurayi talaka da 'yar mai kuɗi, da uban da ya ƙi, da waƙa a tsakiya, wannan ba wankiya ba ce. Gado ne ya tarar. Tun shekarun 1960 gidajen sinima na Arewa ke haska fina-finan Indiya, iyayenmu suka tashi a kansu. Da 'yan ƙungiyar Tumbin Giwa suka fito da Turmin Danya a Kano a 1990, aka buɗe ƙofar fim ɗin bidiyo na Hausa, ba a daɗe ba salon soyayya da waƙa ya mamaye kasuwa, domin shi masu saye suka saba da shi. Yaron da ya girma yana kallon wannan, in ya tashi yin fim ɗinsa na farko, abin da idonsa ya sha shi hannunsa zai fara zubarwa.

Aro kansa ma ba shi ne aibi ba. Abubakar Imam a nan Katsina ya yi karatu, ya koyar a makarantar Midil kafin ya tafi Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, wadda ta fito tsakanin 1937 da 1939. Da yawa daga labaran cikinta daga Alfu Laila ya ɗauko su, wasu daga tatsuniyoyin Turai, shi kansa akun mai ba da labari asalinsa daga Indiya yake. Amma wa ya taɓa karantawa ya ji baƙon abu? Ya tuɓe musu kayansu ya sa musu riga da hula, ya zaunar da su a fada da kasuwa da zaure, suka yi magana irin tamu. Wannan ce tambayar da ta dace ka kai wa abokinka, ita ce za ta amfane shi: mutanen cikin fim ɗinka, Katsinawa ne ko Indiyawa ne da suka sa kaftani? Yarinyar da ke ciki za ta iya tsayawa gaban mahaifinta ta faɗi maganar nan a gidan da ka sani? Uwar da ke ciki ta yi kama da wata uwa a Rafindaɗi ko Sabuwar Unguwa? In amsar a'a ce, nan gyaran yake, kuma gyara ne da ake iya yi a kashi na huɗu.

Rabin maganarka na biyu, wato sautin bai fita, shi ne mafi daraja a duk abin da ka faɗa, sai dai dariya ta binne shi. Mai kallo yana haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma ba ya haƙuri da maganar da ba ya ji, balle yawancin mutanenmu a waya suke kallo, da ɗan lasifikarta, a cikin hayaniyar gida. Abin da ke kashe sauti a irin waɗannan ƙananan ayyuka sanannu ne. Ko dai an dogara da makirufon jikin kyamara alhali ɗan wasa yana nesa, ko iska ta buga, ka dai san iskar Katsina in hunturu ya shigo, ko ƙarar janareta ta shiga, ko kuma edita ya ɗora kiɗa ya danne magana. Kowanne da maganinsa. Na kiɗan, rage shi kawai za a yi, aikin yini guda ne. Inda iska ta cinye magana, ana kiran 'yan wasan situdiyo su maimaita abin da suka faɗa a ɗora a kan hoton. Kashi na gaba kuma a nemi ƙaramin makirufon da ake maƙalawa a wuyan riga, a kuma kai janareta bayan katanga da doguwar waya. Ka ce har yanzu bai saka fim ɗin ba. Ke nan ƙofar gyara a buɗe take, kuma duk kwanan da ka ƙara kana jiran ya huce, zai iya sakawa da sautin a haka, saboda mutumin da ya kamata ya nuna masa wurin ya zama wanda ba ya son ji daga gare shi.

Ana iya gajarta magana ta kuma ɗauki kaya. Bari in gwada maka da abin da na kalla a 'yan kwanakin nan. Na kalli Mai Martaba, fim ɗin rikicin gadon sarauta da Prince Daniel, wanda aka fi sani da Aboki, ya ba da umarni, aka ɗauke shi a Daura, kuma shi aka zaɓa a 2024 ya wakilci Nijeriya a gasar Oscar, ko da yake bai kai zagayen ƙarshe ba. Da za ka tare ni a bakin shagonka ka ce ya na gani, sai in ce: ka kalla ko don ka ga yadda rawani da doki da ginin ƙasa suke cika ido in an san inda za a ajiye kyamara. Na kuma kalli wani na Indiya mai fassara, wanda mai fassarar ya ƙi yin shiru ko na daƙiƙa, har a wurin da uwa ke kukan ɗanta yana zuba barkwanci, sai ya kashe min wurin da ya fi ko'ina nauyi a labarin. Akwai kuma wani mai dogon zango da nake bi, na ajiye shi, domin kashi uku a jere mutum biyu ne zaune a falo suna ba juna labarin abin da mu masu kallo muka riga muka gani da idonmu. Babu wanda ya wuce numfashi biyu a cikin ra'ayoyin nan, amma kowanne akwai wurin da na ɗora yatsa. Wanda ya ji zai iya zuwa ya duba, ya yarda da ni ko ya musa. "Ya haɗu" da "bai yi ba" ba su da yatsa, mutum bai san me zai riƙe ba, bai san me zai yar ba. Sharhin fim a Hausa ba yau aka fara ba, tun 1999 Ibrahim Sheme, ɗan ƙasar Faskari, ya kafa mujallar Fim, ana yabo ana suka a rubuce. Kai da kake kallon fim kusan kullum kana da idon da za ka yi fiye da kalma biyu.

Abin da ya sa wasiƙarka ta tsaya min a rai shi ne na taɓa yin irin abin da ka yi. Lokacin ina koyarwa, wani ɗalibina ya rubuta wasan kwaikwayo a littafin rubutu, ya cika shi har bangon baya, ya yi wa sunayen 'yan wasa layi da jan biro. Ya same ni a ofishin malamai ya miƙo da hannu biyu. Na buɗe shafi uku, na ga kurakurai, na ce masa, "Da sauranka, yaro." Malamai biyu suka yi dariya. Ya karɓa, ya naɗe littafin ya tura aljihun wando, ya ce na gode Malam. Gaskiya na faɗa, da sauransa ɗin. Bayan shekaru na haɗu da shi a babbar kasuwa yana sayar da yadi, ya taso ya gaishe ni da ladabi, ya sa aka kawo min ruwa. Na ce ina rubutu? Ya ce, "Ai Malam tun ranar nan na bari." Babu fushi a muryarsa, kuma wannan ne ya fi damuna. Da na ce masa ya bar min littafin zuwa Litinin, na zauna na yi masa alama a wuri biyar, Allah kaɗai ya san abin da zai zama. Ni na rasa damata, kai taka tana nan, sati uku kacal aka yi.

Ga yadda nake ganin za ka yi. Kada ka tura saƙo a waya, kada ka aika wani. Ka taka da ƙafarka zuwa gidansu, lokacin da ka san yana nan kuma babu 'yan majalisa, bayan magariba ya fi. In ya fito, ka ce masa, "Na yi maka ba daidai ba. Ka kawo mana aikinka, na mayar da shi abin dariya a gaban mutane. Ka yafe min." Daga nan ka ja bakinka. Kalmar "amma" za ta zo maka har bakin leɓe, amma ai gaskiya na faɗa, amma ai kai ka tambaya. Haɗiye ta. Haƙurin da aka ɗaura wa amma a wutsiya sabon faɗa ne. In ya zazzaga maka abin da ke ransa, ka saurara har ya gama, sati uku yake ɗauke da shi.

In ya sauko, a ranar ko bayan kwana biyu, ka roƙe shi ya ba ka kashi ukun duka. Ka kalla sau biyu kai kaɗai, da iyafis a kunne, da biro da takarda. Ka riƙa rubuta minti: a minti kaza iska ta rufe maganar uban, a minti kaza an ga babur ya gifta a bayan fitowar da aka ce zamanin da ce, a minti kaza yarinyar ta yi shiru ta sunkuyar da kai, nan ya taɓa ni. Ka nemi irin wannan na ƙarshen da gaske, domin da wuya a yi aikin kashi uku babu wuri ɗaya mai rai, kuma mai aiki yana bukatar sanin abin da ya iya kamar yadda yake bukatar sanin abin da ya kasa. Da shi za ka fara in kun zauna. Sannan sauti, domin shi ake iya gyarawa yanzu. Maganar labari ta zo ƙarshe, a matsayin tambaya, ba hukunci ba. Addini nasiha ne kamar yadda ya zo a hadisi, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma sai mai kayan ya tabbata ba dariya aka zo yi masa ba.

Sauran majalisa. A can aka zubar masa da mutunci, a can ya kamata a kwashe. Wata rana ana zaune, ko yana nan ko ba ya nan, ka ce da bakinka ka yi garaje ranar nan, ka sake kallo, ga wurin da ya burge ka, ga kuma abin da ake gyarawa. Waɗanda suka yi dariya saboda maganarka za su yi shiru saboda ita. In fim ɗin ya fito kuma masu turi suka tambaye ka, kada ka yi musu ƙarya don abota. Ka ce na ɗan unguwarmu ne, aikinsa na farko, ka kula da fitowa kaza. Wannan gaskiya ce, kuma talla ce.

Na san za ka ce shi fa, ba shi da laifi? Yana da nasa. Wanda ya kai fim majalisa ya tambayi ra'ayi a gaban jama'a ya buɗe ƙofa, kuma duk mai son wannan sana'a sai ya koyi haɗiye magana, domin ranar da fim ɗin ya fita, waɗanda ba su san shi ba, ba su san babur ɗinsa ba, za su faɗi abin da ya fi naka zafi. Ƙaurace wa ɗan'uwa sati uku ma ba daidai ba ne, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, ya kuma ce mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama. Sai dai ba kai ne za ka karanta masa wannan ba a yanzu, daga bakinka zai ji ta kamar ƙarin duka. Naka shi ne ka zama mai fara sallamar. In ka je sau biyu ya ƙi fitowa, ka ci gaba da yi masa sallama a masallaci ko bai amsa ba, sannan ka nemi wani babba da ku duka kuke jin nauyinsa, irin malaminku na makarantar allo in yana raye, ya kira ku ya zaunar.

Ka sa iyafis da biro da 'yar takarda a aljihu ranar da za ka je, ko da ba za ka fito da su ba sai wani zuwan. In ka shiga gidan ka fara durƙusawa ka gaida Inna, ita ce ta aiko nemanka.